Hanyar Bolonia da Yatsa

Tarifa, watan Fabrairu

Ƙanina Leandro,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya sanyin Hamburg, yaya mai ɗakinka da yara? Mu nan lafiya, sai iskar gabas da ta hana masunta fita, sai kuma jikin Baba.

Maganar tsohuwar taswirar nan ce ta bangon ɗakinsa, mai garinmu da kufan Rumawa na Bolonia. Jiya ina shafa masa magani a ƙafa ya ce, "In na mutu ta Leandro ce, shi ya san hanyar." Ka ji fa. Ni ke juya shi a gado, ni ke dagargaza masa kifi don ba haƙora, kai kuwa katin Kirsimeti kawai ka aiko ka ci gado. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Muna yara, duk Lahadi yakan ɗora ka kan alfadari ku tafi kallon ginshiƙai da ramukan da Rumawa ke gishirta kifi a ciki a zamanin da, ni a bar ni da wanke-wanke, wai rana za ta ƙona ni. Ina kishinka, na faɗa, ka ji haushi in ka ga dama. In kana son takardarka ka zo lokacin bikin Ista ka cire ta da hannunka.

Yayarka,
Milagros

Tarifa, watan Maris

Leandro,

Ina fatan kuna lafiya. Na ga amsarka cewa kana tafe.

Baba ya fara rikicewa. Ranar Lahadi ya sa na sauko masa da taswirar, ya kama yatsana ya ɗora kan ƙofar gari, ya bi da ni tsohuwar hanyar alfadarai da yashi ya binne tuni. Ya ce, "Riƙe ni da kyau, Leandro, gangare ne." Na buɗe baki in gyara masa, sai na ji na ce, "Na riƙe, Baba." Ya shafa kaina. Ban san hannunsa yana da taushi haka ba.

Yanzu kullum sai mun ɗan taɓa tafiyar kafin ya gaji. Taswirar taka ce, na yafe. Amma don Allah ka fasa zuwan nan. In ya ga fuskarka zai tuna ni Milagros ce.

A gaida yara.

Yayarka,
Milagros