Mukullin Yana Cikin Ɗakin da Na Kulle

Litinin, 4 ga Maris
Yau tarihi ya buɗe sabon babi a ofishin awon filaye na Kawu. Na gabatar masa da hujjoji bakwai cewa kamfani mai mutunci ba ya aika wasiƙa da imel na kyauta. Ya goge tabarau ya ce, "To Injiniya, kai ka yi digirin. Kada dai wasiƙa ta ɓata." Na yi hayar saba a gajimare, wato kwamfutar da ba zan taɓa ganinta ba amma take bin umarnina. Wajen buɗe asusun, shafi ya fito da lambobin gaggawa guda goma, na shiga asusun idan hanya ta toshe. Anti Sakatariya, wadda ta shekara ashirin tana buga kowace wasiƙa a takarda tana huda ta, ta tsaya a kaina sai da na buga mata shafin. Na shaida mata cewa zamanin takarda ya mutu. Ta ce, "Allah ya ji ƙansa."

Laraba, 6 ga Maris
Wasiƙar gwaji ta fita, ta kuma dawo. Na raɗa wa kaina adireshin Daraktan Fasaha, na mayar da asusun hayar gaba ɗaya kansa. Ba ya kyautuwa darakta ya dogara da adireshinsa na ɗalibta.

Juma'a, 8 ga Maris
Na lura wasu baƙin na'urori suna ƙwanƙwasa ƙofar sabar, sau ɗari a awa guda. Na ɗauki tsattsauran mataki: na umarci katangar tsaro ta rufe kowace ƙofa, da niyyar in buɗe masu amfani ɗaya bayan ɗaya. Allon ya tsaya cak. Ashe har da ƙofar da nake shiga ta cikinta.

Asabar, 9 ga Maris
Ba matsala, akwai shafin kamfanin hayar. Na sa kalmar sirri. Sai suka ce sun aika lambar tabbatarwa zuwa adireshina. Adireshin Daraktan Fasaha. Wanda ke cikin sabar. Wadda na kulle.

Lahadi, 10 ga Maris
Na rubuta musu koke mai sakin layi shida. Amsa: don tsarona, in rubuto daga adireshin da aka yi rajista da shi.

Litinin, 11 ga Maris
Kawu ya ce wata makaranta za ta turo taswirar filinta da takardar kwangila ta imel. Dole a sa hannu a mayar kafin azahar ta Alhamis, in ba haka ba a bai wa wasu. Aikin wata huɗu ne ga ma'aikata biyar. Ya tambaya ko ta iso. Na ce tsarin yana cikin matakin daidaituwa. Ya ce, "Wato ta iso ko ba ta iso ba?"
Na san inda lambobin gaggawan suke. Suna cikin kabad ɗin ƙarfe, taku huɗu daga kujerata. Mukullin kabad yana cikin jakar Anti.

Talata, 12 ga Maris
Yini guda ina kallon akwatin kan allo da ke cewa in shigar da lamba. Fanka tana juyi, firinta tana tari, taga ɗaya ce kuma bango take kallo. Umma ta kira, wai Kawu ya ce mata na zama ginshiƙin ofis, tana ta sa albarka. Na ce amin da murya ƙasa-ƙasa. Anti ta ajiye mini shayi ta ce, "Darakta, yau ba lacca?"

Laraba, 13 ga Maris
Na shirya jawabi: cewa bisa ƙa'idar binciken tsaro, ina buƙatar duba wata tsohuwar takarda. Na maimaita shi sau uku a bayi. Da na tsaya gaban teburinta, abin da ya fito shi ne, "Anti, na kulle kaina a waje."
Ba ta ɗago ba. Ta ja aljihun tebur, ba ma kabad ba. Tun Litinin ta ciro takardar lambobin, ta ce, da ta ga wasiƙa ko ɗaya ba ta shigo ba. Jira take in tambaya. "Ga mamacin naka, ɗana. A yi masa addu'a."
Lamba ta farko ta buɗe. Na ɗage katangar. Wasiƙu suka yi ta kwararowa har talatin da ɗaya, ta makarantar ce ta goma sha tara. Anti ta buga, Kawu ya sa hannu, bai tambayi komai ba. Ban san abin da ta gaya masa ba, ko ma ta gaya.

Alhamis, 14 ga Maris
Na mayar da asusun kan tsohon adireshina na ɗalibta, bisa dalilai na fasaha zalla. Saura lambobi tara. Na rubuta matakan buɗe katangar a shafi biyu, da kalmomin da kowa zai gane. Ba wai na sauya ra'ayi game da takarda ba ne. Na dai ari abin huda na Anti, ta nuna mini yadda ake ninka gefe don ramukan su zo daidai.