Rabin Gungume

Litinin, 3 ga Maris

Wata sha'ira ta kawo mini waƙoƙi goma sha biyu da ta rubuta a kan Bahago, abokin karatuna a sashen sassaƙa. Tana so in duba sunayen kayan aiki kafin a buga. Na karɓa da hannu biyu. Ban san abin da fuskata ta nuna ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na so in sami aibu. Wuri ɗaya kawai ta kira kurfi, abin rarake itace, da sunan gizago.

Waƙoƙin dukkansu a kan siffar wata mata ne mai ɗauke da tulu, wadda Bahago ya fitar daga rabin gungumen da malaminmu ya raba mana mu biyu kafin rasuwarsa. Bahago ya gama nasa cikin wata huɗu. Nawa yana ɗakin aiki, lulluɓe da tamfol, shekara goma sha ɗaya. Zane arba'in na yi masa a takarda. Sara ko ɗaya babu.

Asabar, 8 ga Maris

Mun haɗu da Bahago a bakin ƙofar sashe. Ya ce, "Dakta, har yanzu awo ake yi?" Na ce aiki mai kyau ba ya son gaggawa. Ya yi dariya: "Itacen ya san da wannan?"

Talata, 11 ga Maris

Na yaye tamfol. Gara ta shiga ta ƙasa. Na tura yatsa, ya nutse har gaɓa ta biyu. Babu ɗaya daga zanena da zai zaunu a kan abin da ya rage. Na daɗe zaune a ƙasa. Wannan ne kaɗai malam ya bar mini.

Jumma'a, 14 ga Maris

Na mayar mata da waƙoƙin. Na tambaye ta wa ake nufi a ta bakwai, mutumin da "hannunsa ya fi, amma ya ɗaure shi". Ta ce, "Ranka ya daɗe, daga bakin Bahago na ji, ni ma na tambaye shi. Cewa ya yi mai shi zai gane."

Ban yafe masa ba. Zagi ya fi wannan sauƙi.

Lahadi, 16 ga Maris

Na sare wajen da garar ta ci, domin kada ta hau sama. Ba aiki ba ne, magani ne. Sai dai gizagon ya zarce kaɗan, ya bar wani abu mai kama da kafaɗa, karkatacciya, ba irin ta zanena ba.

Ban mayar da tamfol ba.