Jakar Tjitske Ta Dawo a Bushe

Sneek, 9 ga Satumba

Zuwa ga yayata Jeltje,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ciwon gwiwar nan ya sassauta miki. Tunda kin ce waya tana sa kunnenki ƙara, ga labarin gasar kwale-kwalen a rubuce. Kada ki sa rai da daɗi, na biyu muka zo.

Kin san jirginmu: mu huɗu ke jan filafili, sai Tjitske a baya tana riƙe da igiyar saita jirgi tana ba mu umarni. Uwar Jirgi muke ce mata. Shekararta saba'in da shida, talatin da ɗaya daga ciki a kan wannan kujerar ta yi su, kuma ba a taɓa jefa ta a ruwa ba. Kada ki yi dariya. Jirgin da ya ci tsere kaɗai ke da ikon ɗaga mai saitinsa ya wurga shi a ruwa gaban jama'a. Saboda haka duk gasar da za mu je, da shuɗiyar jakarta take zuwa, tawul da kayan canji a ciki, ta kuma koma da ita yadda ta zo. Yanzu likitan ido ya ce wannan ce fitarta ta ƙarshe, don ta fara ganin gada biyu inda ɗaya take.

Abin da ya kashe mu lissafi ne. A tseren tsofaffi ana haɗa shekarun masu ja huɗun. Idan jimillar ta kai ɗari biyu da sittin, ana sakin jirginku sakan bakwai kafin na waɗanda ba su kai ba. Sjoerd sittin da bakwai, Douwe sittin da shida, Harmen sittin da huɗu, sai ni. Ɗari biyu da hamsin da takwas muka tashi. Haka muka zauna a bakin layi muna kallon tsofaffin garin Harlingen suna tafiyarsu, ana ƙirga mana sakan bakwai ɗaya bayan ɗaya.

Yaya, ban taɓa jin mun ja irin na ranar ba. Mita dubu ce, kuma tun daga rabi Tjitske take ihu: "Ina jin numfashinsu! Ku ba ni goma masu kyau, ku tsofaffin banza, yau sai na jiƙe!" Muka cinye biyar daga cikin bakwai ɗin. Da sakan biyu suka riga mu.

Da muka fito, Sjoerd ya dafa kafaɗata yana haki ya ce, "Kai jaririnmu, da mahaifiyarka ta yi sauri da shekara biyu, da yanzu Uwar Jirgi tana iyo." Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su. Tjitske ta ce, "Ku ƙyale min yaro, yau ya fi ku duka ja." Ta tsaya ta tafa wa mutanen Harlingen da suka jefa mai saitinsu a ruwa, sannan ta mayar da jakarta bayan mota. An dafa miyar wake da tsiran alade a rumfar jiragen ƙungiyarmu, amma na kasa kai ko cokali ɗaya baki.

Ki gaishe da maƙwabtanki.

Ƙanenki,
Folkert


Deventer, 13 ga Satumba

Folkert,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Shekara talatin da takwas na yi ina koya wa yara lissafi, kuma ka sani. Na haɗa na abokanka uku, na cire daga jimillar da ka rubuto. Sittin da ɗaya ya rage. Na sake, na kuma sakewa da tabarau. Wane ne ɗan sittin da ɗaya a jirgin nan? Ni dai ƙanena ɗaya ne, ina shekara biyar aka haife shi, ni na riƙa jijjiga shi har hannuna ya sage. A watan Mayu na cika saba'in, kai ka kawo furanni. Sittin da biyar gare ka, malam jariri. Da gaskiyarka aka yi lissafi, ɗari biyu da sittin da biyu za ku tashi, ku bar layi tare da mutanen Harlingen, ku ba su ratar sakan biyar.

Yanzu na gane dalilin da bara ka ce kada in zo walimar da suka yi maka, wai ta 'yan ƙungiya ce kawai. Cikar sittin suka yi maka ke nan? Ka tsaya ka hura kyandir ba ka shaƙe ba?

Na san maza masu rina gashi, amma ban taɓa jin wanda ya rage shekarunsa a wasan da tsufa ne ribarsa ba. Kuma kada ka ce kuskure ne ka jera min lambobin nan. So kake a kama ka, ka rasa wanda zai yi, sai ka aiko wa yayarka. To na kama ka. Sai ka faɗa min yadda aka yi.

Yayarka,
Jeltje


Sneek, 17 ga Satumba

Yaya Jeltje,

Ina gaishe ki, kaina a ƙasa. Wasiƙarki ta kwana biyu a kan tebur ina kewaye ta.

Ga yadda aka yi. Shekara ashirin da uku da suka wuce, lokacin da aurena ya mutu, na je neman shiga ƙungiyar don in samu abin da zai fitar da ni daga gida. A lokacin ba sa koya wa wanda ya haura arba'in, ni kuwa ina da arba'in da biyu. Tjitske ce ke rubuta katin sababbi. Ta ɗago ta ce, "Shekara nawa, saurayi?" Na ji bakina ya ce talatin da takwas. Ta rubuta, ba ta nemi wata takarda ba. Daga wannan katin ake kwafe shekaruna zuwa kowace gasa har yau.

An daɗe da soke waccan dokar, da na gyara. Amma sai suka laƙaba min jariri, ni ke ɗaukar kan jirgi mai nauyi, ni ake nunawa a ce ga mai sauran ƙarfi. Gaskiya daɗi nake ji, Yaya. A gidana ni tsoho ne mai cin abinci shi kaɗai, a can kuwa ni ne yaro.

Mafi muni shi ne na san lissafin tun kafin gasar. A watan Yuli Harmen ya haɗa shi a bayan takardar kofi ya ce, "Kash, biyu kacal!" Ina zaune kusa da shi. Na buɗe baki, sai na tuna kek ɗin da Tjitske ta gasa min bara, da sittin a rubuce a kansa da hannunta. Na ce a raina za mu iya cinye sakan bakwai da ƙarfinmu, ba sai kowa ya sani ba. Na kusa fasa ƙirjina a kan ruwan nan don kada in faɗi kalma ɗaya.

An rufe sakamako, ba a sake shi. Ko na faɗa yanzu, me zai ƙara wa Tjitske in ba baƙin ciki ba? Na san amsarki, ba sai kin ɓata tawada ba. Zan rubuta mata.

Ƙanenki,
Folkert


Sneek, 19 ga Satumba

Zuwa ga Uwar Jirgi,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Na yi rubutun da manyan baƙaƙe don ki karanta da kanki, ba sai wani ya taya ki ba.

Shekarata sittin da biyar, ba sittin da ɗaya ba. Ƙarya na yi miki ranar da kika rubuta katina, na kuma ci gaba da ita shekara ashirin da uku. Jirginmu ya haura ɗari biyu da sittin. Sakan bakwai ɗin nan haƙƙinki ne, ni na hana ki, kuma ina sane tun watan Yuli. Ba ja muka gaza ba, ba kuma saitinki ba ne. Ni ne.

Ba ni da bakin neman gafara, amma ina nema. Zan ajiye mabuɗin rumfar jirage a akwatin wasiƙa, in ce bayana ne ya matsa min. Alfarma ɗaya nake roƙo: maganar nan ta tsaya tsakanina da ke. Ba zan iya haɗa ido da su Sjoerd ba.

Naki cikin kunya,
Folkert


Sneek, 22 ga Satumba

Folkert,

Na gaishe ka. Sjoerd ke rubuta min wannan, ina faɗa yana sawa.

Manyan baƙaƙenka ma sun fi ƙarfin idona. Na ɗauka katin ban-kwana ka aiko min, sai na tafi da shi rumfa ranar Asabar, na ba Sjoerd ya karanta mana muna shan kofi. Ya karanta da ƙarfi har ƙasa, har inda ka ce kada su ji. Ba wanda ya yi dariya. Harmen ya tashi ya fita waje.

Mabuɗi ba za ka ajiye shi ba. Jirgi mutum huɗu yake so, kuma baɗi da shekarunka na gaskiya za a rubuta ku. Asabar ƙarfe takwas ka zo ka ɗauki kan jirgi kamar kullum, ka dube su ido da ido. Maganar gafara kuwa, kada ka tambaye ni yanzu.

Douwe zai ajiye maka shuɗiyar jakata a bakin ƙofa tare da wannan takarda. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukarta, yanzu kai za ka riƙa zuwa da ita kowace gasa. Ban cire komai ba. Tawul ɗin sabo ne, don wannan gasar na saye shi.

Tjitske