Wa Ke Yi Wa Injin Nan Wanka?

Baba,

Na fita kana barci.

Jiya injin jirgin su Halfan abokina ya mutu a tsakiyar teku, ga iska na tasowa. Namu ne ya jawo su gaɓa, su huɗu. Da bakanike ya buɗe nasu, gishiri ya toshe hanyar ruwa, alhali injin shekararsa uku kacal. Ya leƙa namu mai shekara sha ɗaya, ya ce, "Kai, Humaid, wa ke yi wa wannan wanka?"

Ka yafe mini. Kullum kana ɗauraye shi da ruwan daɗi, ni kuma ina ta mitar ɓarnar ruwa.

Yau kada ka ja tiyo da gwiwar nan taka. Ni zan ɗauraye. Kai dai zo ka tsaya a kaina, ka yi faɗanka.

Humaid