Masu Rijiyoyin Ba Su Fito a Fim Ba

Laraba da dare, 14 ga Mayu, Yelwa.

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau aka yi mini gwajin koyar da tarihi. Shugaban makarantar ya kunna fim ɗin sojojin Ostireliya masu dawakai suna ƙwace rijiyoyi daga Turkawa a hamadar Falasɗinu, ya ce in yi wa ɗalibai bayani.

Na ce an yi yaƙin, amma rijiyoyin na mutanen garin ne, kuma ko ɗayansu ba a nuna ba.

Ya yi dariya. "Malam, jarabawa ba ta tambayar wannan. Za mu neme ka."

Aiki dai ya tafi.

Inna ta ce da na yi shiru. Ita fa, wadda tafkin Kainji ya cinye garin ubanta, ba a kuma faɗa a littafin tarihi ba!