Kujerar Ranar Sallah

Litinin, 8 ga Afrilu

Mas Tarjo, yadda ake kiransa a nan, ya ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta abin da ke raina. Tarjo fa! Yaron da na kayar a jarabawar tarihi har sau biyu, ya bar makaranta ya zama kwandasta, ya sha abin da ya sha, ya daina. Yau shi ke kula da masu jinya a gidan nan na raba mutane da ƙwaya, ni kuma Kusnadi, mai digiri daga birnin Yogya, malamin sakandare shekara ashirin da shida, ina cikin waɗanda ake kula da su. Ya ce, "Pak Guru, Baba Malam, yanzu ni ke ba da aikin gida." Ban yi dariya ba.

Kwana tara ba ƙwaya. Maza muna sama a gangaren dutse, mata suna ƙasa bayan gonar rogo. Matata Lasmi tana can. Wata uku aka yanka mana.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ranar Alhamis ake haɗa miji da mata, awa ɗaya, ƙarƙashin mangwaro, Tarjo a tsakani kamar ɗan sanda. Lasmi ta rame. Abin da ta fara cewa: "Pak, kana cin abinci?" Sai kuka.

Tarjo ya ce mu faɗi yadda aka fara. Me za a faɗa? Babur ya karya mini gwiwa shekara shida da suka wuce, aka ba ni maganin raɗaɗi, gwiwa ta warke, ni ban bar magani ba. Ita kuma bayanta ke ciwo saboda zaman naɗin sigari a masana'anta. Ƙwayar farko da hannuna na ba ta, da shayi mai zafi. A lokacin tausayi na kira abin.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Waya da yara, minti goma, mu biyu a kan waya ɗaya. Yayata, Mbak Sulastri, ta taso tun daga Samarinda, ta tsallako teku don ta riƙe su. Ɗanmu Galih ya cika mana kunne: haƙorinsa ya fita, kazar maƙwabta ta yi ƙwai a cikin takalmina. Shekara bakwai, komai labari ne. Na ce a ba ni 'yarmu Ningrum. Wai tana wanka.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Tana wanka kuma. Yarinyar nan za ta ƙarar mana da rijiya.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Mbak Sulastri ba ta iya kewaye-kewaye ba tun muna yara. Ta ce bayan Sallah za ta koma Samarinda, kuma da yaran za ta tafi. Ta riga ta samar musu makaranta. Na ce da izinin wa? Ta ce, "Kus, kai da ba ka iya riƙe cokali ba ranar da aka ɗauko ka, kai za ka tambaye ni izini? Ningrum ta kai sha biyar. Ita na tambaya, ita ta ce mu tafi. In ta sauya magana, na bar su."

Lasmi ta riƙe wayar bayan an katse, tana ta cewa "Mbak, Mbak" cikin iska.

Samarinda. Kwana biyu a jirgin ruwa. In suka tafi, Galih zai girma yana kirana mutumin cikin hoto.

Litinin, 6 ga Mayu

An ɗauki azumi. Iska ta kawo ƙanshin kanumfari daga gonakin ƙasa, sai na tsinci kaina a gidan mahaifina. Ranar Sallah yakan zauna a kujerar katako mai hannu, mu mu jeru, babba a gaba, mu tafo da gwiwa, kowa ya kifa goshi a cinyarsa ya nemi gafarar laifin shekara. Ya ɗora hannu a ka, ya yi addu'a. Hannunsa warin taba da man kwakwa. Ban taɓa ganin gwiwar mutumin nan a ƙasa ba sai a salla.

Kujerar tana gidana har yanzu. Ningrum tana shekara huɗu ta fara durƙusa mini a gabanta, ta manta abin da ake cewa, ta ce, "Pak, ka yafe mini, na cinye kifin." Ni da Lasmi muka yi dariya har hawaye. Lokacin ina da farar riga mai guga, ana gaishe ni a kasuwa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na ce wa Tarjo Ningrum ba ta da kunya, uwarta ce ta sangarta ta. Lasmi ta ɗago ta dube ni kamar baƙo.

"Pak, da gaske ba ka tuna Sallar bara ba?"

Na ce na tuna, an yi ruwa.

Ba a yi ruwa ba, in ji ta. Na zauna a kujera, dangi cike da ɗaki, na haɗiyi ƙwaya uku kafin a tafi idi. Ningrum ta tafo da gwiwa, ta kifa kai, ta faɗi maganar duka, ba ta bar harafi ba. Ta jira hannuna. Ni ina barci, baki a buɗe, miyau yana zuba a kan sabon mayafinta. Ta fi minti biyar a durƙushe, don ba a tashi sai uba ya sa hannu. Daga baya wani ya yi tari, ta tashi da kanta.

"Ni kuma ina ɗaki a kwance, ba ni ma na ɗaga ta ba," in ji Lasmi. "Maƙwabciya ta ba ni labari."

Juma'a, 17 ga Mayu

Ban tuna ba. Na yi ta nema, babu.

Alhamis, 23 ga Mayu

Lasmi ta rubuta wa Ningrum wasiƙa shafi uku tana neman gafara. Ita ta iya. Tarjo ya ce ranar Sallah za a bar iyalai su zo, ni ma in shirya abin da zan faɗa.

Na ce ai uba ma yakan ce a yafe masa, haka al'ada take.

"Daga kan kujera, Pak Guru. Bayan ɗa ya riga shi."

Na ce to daga ina yake so in faɗa? Ya nuna ƙasa da haɓa. Na ce masa duniya ba a kife take tafiya ba, ƙarami ke zuwa wurin babba tun kafin a haifi kakansa, kuma wanda bai iya jera sarakunan daular Mataram ba ba zai koya mini al'ada ba.

Ya ce, "Gaskiya ne, har yau ban iya su ba. Amma 'yata tana ɗaukar wayata."

Ɗan iska. Da a aji ne da ya sha rula.

Lahadi, 26 ga Mayu

Galih ya ce an saya masa jaka mai taya. Ya tambaya ko a jirgin ruwa ana ganin kifi ta taga. Na ce ana gani, Le, ɗana. Me zan ce?

Yau ba a ma ce tana wanka ba.

Asabar, 1 ga Yuni

An sa ni sharar bayan kicin, na ga an sassabe kwakwa, sabon ganye mai ruwan ɗorawa a zube. Na ɗauki biyu ban sani ba, yatsuna suka fara saƙa ketupat da kansu, ɗan kwandon da ake dafa shinkafa a ciki mako guda bayan Sallah. Kusurwa ta ƙi rufuwa. Sau huɗu yana warwarewa.

Ni na koya wa Ningrum. A kan dakali, la'asar, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Nakan bar wutsiya ɗaya doguwa in ƙulle bakinta, yadda mahaifiyata ke yi, don a gane namu a cikin tukunyar unguwa. Nata na farko shinkafa duk ta zube ta ramuka, ta yi fushi ta jefa wa kaji. Na ce, Nduk, 'yata, a hankali ake ja, ganye ba ya son ƙarfi. Shekara uku rabon da a saƙa a gidanmu. Ko huɗu.

Laraba, 5 ga Yuni

Sallah.

Bayan idi aka jera kujerun roba a farfajiya, iyalai suka shigo da kwanonin abinci. An ba ni farar riga ta aro, hannun ya yi mini gajere. Mbak Sulastri a gaba, Galih yana tsalle, Ningrum a baya. Ta fi uwarta tsayi. Yaushe? Tsohon mayafi ta sa, ba na bara ba.

Na zauna. Na sumbaci hannun Mbak tukuna, tunda ita ce babba. Lasmi ta durƙusa mini, na sa hannu, muka faɗi abin da ake faɗa. Galih ya zo da gudu ya buga mini goshi a gwiwa, ya karanto nasa kamar mai hadda. Ningrum tana tsaye, taku uku daga gare ni, idonta a kan gonar rogo.

Mbak ta ce, "Nduk, je ki mana." Ba ta motsa ba.

Na jira. Na san minti nawa ne, don na ƙirga numfashina. Bai kai biyar ba, amma na ji tsawonsa. A durƙushe ya fi tsawo, na ce a raina.

Kujerun roba ba su da kyau ga mai ciwon gwiwa. Na matsa gaba don in gyara zama, sai na ga ina ƙasa. Tunda ina ƙasa, na tafi. Taku ukun nan da gwiwa, tsakuwa tana cina. Ba ta zaune, babu cinyar da zan kifa kai, sai na sa goshi a bayan hannunta. Maganar da na faɗa ta yara ce, wadda na koya mata: na fili da na ɓoye, wanda na sani da wanda ban sani ba. Na ƙara da na bara.

"Pak, tashi. Mutane na kallo."

Na ce ba a tashi sai an sa hannu.

"Ba haka ake yi ba, Pak."

Na ce na sani, ni na koya miki.

Mbak Sulastri tana ta salati, wai ƙwayar ta taɓa mini kai. Ban san tsawon lokacin ba. Hannun ya zo. Ba a ka ta sa ba, a kafaɗa, yatsu biyu, kamar mai taɓa tukunya ta ji ko ta huce. Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce, "Rigar nan ba taka ba ce." Ita da Tarjo suka ɗaga ni, don gwiwar ta ƙi da gaske.

Ba ta ƙara yi mini magana ba har suka tafi. Da uwarta ta zauna, suna cin kaza da miyar kwakwa a kwano ɗaya.

Alhamis, 6 ga Yuni

Tarjo bai ce komai ba sai, "Pak Guru, a sauya maka kujera?" Na ce ya kula da aikinsa.

Lahadi, 9 ga Yuni

Waya. Na shirya jin Galih, sai wata murya: "Pak."

Lasmi ta damƙe mini hannu har farce ya shiga.

"Shinkafar ketupat, rabi ake zubawa ko ya fi rabi?"

Ta sani. Tun tana shekara takwas ta sani. Na ce ya ɗan fi rabi, Nduk, in ta cika sai ta yi tauri, in ta gaza sai ta yi ruwa. Na yi bayani kamar ina gaban allo, na ja shi iya ƙarfina, har irin itacen da ya fi riƙe wuta na faɗa. Ta saurara. Minti goma suka ƙare a kan shinkafa. Ban tambayi zancen jirgi ba. Tsoro.

Laraba, 12 ga Yuni

Mbak Sulastri ta biyo ta nan kafin ta wuce tashar jirgi a Semarang. Ita kaɗai. Yaran suna gidan mahaifiyar Lasmi a Pati. Ta ce, "Ningrum ta ce za ta jira ku fito, ta gani. Ta gani, Kus, ba ta ce ta zauna ba. Gurbin makarantar yana nan, waya ɗaya za ta yi mini." Ta dangwarar da leda a cinyata, ta ce in daina abin kunya a gaban jama'a, sannan ta gyara mini wuyan riga kamar ina ɗan shekara shida.

Ketupat goma, da ɗuminsu. Kusurwoyin a karkace, har yanzu Ningrum tana ja da ƙarfi. Kowanne da doguwar wutsiya, an ƙulle bakin.

Na aika wa Lasmi biyar. Na ba Tarjo ɗaya, don kawai yana tsaye a wurin. Ya ce to wa ya ci jarabawa yanzu? Na ce gwiwata ce ta saki, kowa ya san da ciwon.

Saura kwana goma sha takwas. Na roƙi mai kicin ya ajiye mini ganyen da ya rage. Ba don komai ba, hannun ne ke buƙatar motsi.