Abin Da Baba Tsoho Ya Yi A Daji

Danau Kota, Kuala Lumpur
3 ga Maris, 2015

Yaya Hureira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya jikin Baba Tsoho?

Malamata ta amince in yi binciken digirina na uku a kan labarinsa. Kin san abin da kowa ya sani: kakanmu manomin doya ne a kudu, ya zo Kano bayan yaƙin basasa, ya musulunta ya zama Malam Ahmadu. Abin da ba ki sani ba shi ne, sojojin gwamnatin 'yan aware sun kwashe masa rumbu, suka sa masa kaki ƙarfi da yaji. Ya gudu daji, ya tara waɗanda suka tsere irinsa, mutum arba'in da 'yan kai, suka riƙa fasa ma'ajiyar abincin sojoji suna raba wa ƙauyuka. Har gobe a garinsu wasu na ce masa gwarzo, wasu maci amana. Duk na naɗi muryarsa da na zo hutun sallah.

A watan Yuli zan gabatar da takarda a kansa a wani taro a unguwar Bukit Bintang, nan Kuala Lumpur. Don Allah ki turo min tsohon hotonsa na cikin adaka.

Ki gai da mutan gida.
Ƙanwarki,
Sakinatu

Gwammaja, Kano
19 ga Maris

Sakina,

Wa'alaikumussalam. Muna lafiya. Jikinsa da sauƙi, sai dai ƙafar.

"Abin da ba ki sani ba." Sau uku na karanta wurin nan. Shekara goma sha ɗaya ni ke dama masa kunu, ni ke wanke masa gyambo, ni ke bin layin asibiti da shi. Na tambaye shi tabon kafaɗarsa ya fi a ƙirga, kullum sai ya ce fartanya ce. Ke kuwa kin sauko daga jirgi da ƙamshinki da 'yar na'urarki, kwana goma kacal, ya zazzage miki cikinsa.

Da ma haka abin yake tun muna yara. Ke aka tura karatu mai nisa, ni aka bar wa tsoho. Yanzu za ki hau mumbari a ƙasar mutane a tafa miki da kakan da ko ruwan alwala ba ki taɓa ɗumama masa ba.

Hoto ba zan turo ba. Allah ya ba da sa'ar karatu.
Hureira

Danau Kota
2 ga Afrilu

Yaya,

Barka da war haka. A shagon abincin Indiyawa na ƙasan gidanmu, wanda ake ce wa mamak, na karanta wasiƙarki. Abincin da na sa a kawo min sai tapau na yi, wato aka ƙunshe min na hau da shi ɗaki, har ya lalace ban taɓa ba.

Kina kishin kwana gomana. Ni kuma me zan ce? Duk sanda zai fara magana sai ya tambaya, "Ina Hureira? Ta fita?" Sai kin tafi kasuwa yake buɗe baki, da ya ji takunki a zaure ya yi shiru. Sau biyu ya kira ni da sunanki. Nawa sai da na tuna masa.

Akwai abin da ya sa na yi masa alkawarin ɓoye miki, ga shi zan karya. A dajin, ɗaya daga cikin mutanensa ya ce zai koma ya miƙa wuya, don matarsa ta haihu. Maƙwabcin gonarsa ne, tare suka taso. Baba Tsoho ya ji tsoron zai nuna maɓoyarsu, ya bi shi bakin rafi ya harbe shi ta baya. Ko sunansa ya ƙi faɗa min. Ya ce, "Ke rubuta, ke mai komawa ce. Amma in Hureira ta ji, ba zan iya sake karɓar kofi daga hannunta ba."

Ni baƙuwa ce a wurinsa, Yaya, shi ya sa ya gaya min. Idon da yake jin kunya naki ne. Da za a yi musaya, da na karɓa.

In kin ce in janye takardar, zan janye.

Ki yafe min.
Sakinatu

Gwammaja
21 ga Afrilu

Sakina,

Sallama da gaisuwa. Kwana huɗu ina kai masa abinci ban tayar da zancen ba. Ran na biyar ina naɗe masa ƙafa na tambaye shi. Bai musa ba. Ya juya fuska bango, ya ce in bar ƙafar haka. Ban bari ba, na ƙarasa.

Kada ki janye. Amma ba gwarzo kaɗai za ki kai musu ba, har da wancan bawan Allah. Umoren sunansa, abin da aka haifa masa kuma mace ce. Ki rubuta shi daidai.

In sun tambaye ki inda kika samo sunan, ki ce yayarki ce Baba Tsoho ya gaya wa.

Ki huta lafiya.
Hureira